Kwabon Mai Mashaya: Shekaru 24 da Ingila Ta Bar wa 'Yan Kasuwa Buga Canji

A farkon watan Yuli na 1665 annoba tana cin birnin Landan, ana kwasar gawa da amalanke, masu hali suna ɗaure kaya suna gudu ƙauye. Cikin wannan hali wata gajeriyar sanarwa ta fito a jaridar Intelligencer. Mai wata mashaya da ake kira Cock, wato Zakara, a unguwar Temple Bar, yana shaida wa jama'a cewa ya sallami barorinsa, ya rufe gida, kuma ba zai dawo ba sai ƙarshen Satumba in Allah ya yarda. Sai ya ƙara da roƙo: duk wanda ke da lissafi tsakaninsa da gidan, ko yake riƙe da kwabban gidan, ya zo kafin ranar 8 ga wata a biya shi haƙƙinsa.

Kwabban gidan da yake nufi kuɗi ne na gaske, waɗanda shi ya sa aka buga masa: 'yar kwandala kamar faɗin farcen babban yatsa, da hoton zakara, da sunan unguwa, da shekarar 1655. Da ita yake ba masu ciniki canji, su kuma su kai ta wurin mai burodi ko mai kyandir a layin, a karɓa. Abin da ya yi a wannan sanarwa shi ne abin da babban bankin ƙasa ke yi idan zai janye takardar kuɗi: ya sa wa'adi, ya buɗe ƙofar musaya. Bambancin kawai shi ne mutuwa tana bin gida gida, kuma babu dokar da ta tilasta masa.

Ba shi kaɗai ba ne. Tsakanin 1648 da 1672 dubban masu mashaya, da masu masauki, da masu kantin kayan masarufi, da masu sayar da yadi a Ingila da Wales da Ireland sun buga irin waɗannan kwabbai. Kundin da George Williamson ya fitar tsakanin 1889 da 1891 ya lissafa fiye da iri 12,000, fiye da 3,000 daga ciki na Landan kaɗai, kuma ana ta gano waɗanda bai sani ba har yau. Masu tara tsofaffin kuɗi suna kallonsu a matsayin kayan sha'awa. Ni ina ganin sun fi haka. Shaida ce ta abin da ke faruwa idan hukuma ta raina ƙaramin kuɗi, kuma mutane biyu ne ke karanta wannan shaida a karkace: mai cewa ga hujjar cewa kasuwa ba ta buƙatar gwamnati wajen yin kuɗi, da mai cewa hargitsi ne kawai wanda doka ta zo ta kawar.

Azurfar da ta yi wa talaka girma

Tsarin kuɗin Ingila na wancan zamani ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe, domin shi ne Turawan mulki suka kawo mana. Fam guda sule 20 ne, sule guda kwabo 12. Sisi da taro duk daga can suka zo, ita kanta kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe ne a bakin Bature. Ƙasa da kwabo akwai rabinsa, sannan akwai rubu'insa da suke kira fardin. A kan waɗannan biyu na ƙasa rigimar take.

Ɗaruruwan shekaru Ingila ta tsaya a kan cewa kuɗin sarki sai azurfa ko zinariya, kuma nauyin ƙarfen da ke cikin kwandala shi ne darajarta. Wannan ƙa'ida tana da kyau ga sule. Ga kwabo kuwa masifa ce. A ƙarni na 17 kwabon azurfa bai wuce rabin giram ba. Rabin kwabo ya zama kamar ɓawon kifi, in ya faɗi ƙasa sai an tsuguna da fitila. Fardin na azurfa kuwa tun zamanin Sarki Edward na Shida, a tsakiyar ƙarni na 16, aka daina buga shi, domin ya ƙanƙance har yatsu ba sa iya riƙe shi.

Akwai kuma lissafin maƙera. Wahalar buga kwandala ɗaya kusan ɗaya ce ko sule ce ko fardin, amma fardin 48 ne ke yin sule guda. Ma'aikatan gidan buga kuɗi na Hasumiyar Landan ana biyansu ne bisa nauyin azurfar da suka sarrafa, don haka duk mai hankali a cikinsu manyan kwandaloli zai so ya buga. Attajirin da ya kawo azurfarsa shi ma manya yake so. Babu wanda ke da murya a fada da ƙarancin fardin ke hana shi barci. Masana tattalin arziki biyu, Thomas Sargent da François Velde, sun rubuta littafi guda a 2002 a kan wannan matsala, inda suka nuna cewa ta addabi Turai ƙarni bayan ƙarni.

Dubi yadda abin yake a aljihun lebura. A tsakiyar ƙarnin, leburan gini a kudancin Ingila yana samun kimanin sule guda a yini. Wata doka ta 1604 ta ƙayyade cewa kwabo guda zai sayi babban kofi, mai cin fiye da lita, na giya mai kyau, ko biyu na mai ruwa-ruwa wadda talakawa ke sha da abinci. Ke nan ƙaramin kofi na mai ruwa-ruwa fardin guda ne. Haka kyandir ɗaya, haka ɗan burodi, haka zare da allura. Mutumin da duk cinikinsa na yini bai wuce irin waɗannan ba, an ba shi kuɗin da mafi ƙanƙantarsa ya ninka abin da zai saya. Ko dai ya sayi fiye da buƙatarsa, ko ya bar canjinsa a hannun mai kanti, ko ya ci bashi a rubuta da alli a bango. Har sadaka ta yi wuya: mai son ba almajiri fardin ba shi da fardin ɗin.

Gwajin farko, da yadda fada ta ɓata shi

Sarki James na Ɗaya ya ga matsalar, amma ya ɗauke ta hanyar samun kuɗi. A 1613 ya ba wani bafade, Lord Harington, izinin buga fardin na jan ƙarfe, ribar a raba da sarki. Izinin ya riƙa yawo daga hannun wani babba zuwa wani, Lennox, Richmond, Maltravers. Kwandalolin sirara ne ƙwarai, ƙarfen cikinsu bai kai komai ba, kuma ana sayar da na sule 21 a kan sule 20 na azurfa domin a ja hankalin masu saye da yawa. Wanda ke da ma'aikata sai ya sari buhu ya biya su lada da shi. 'Yan jabu suka shigo, domin abu ne mai sauƙin kwaikwayo kuma ribar tana da yawa. Da jabu ta cika gari, ofishin musaya ya fara ƙin karɓa, aka bar talakawa da tarin ƙarfen da babu mai so. Majalisa ta dakatar da harkar a 1644, ana tsakiyar yaƙin basasa. Har yau akwai wani lungu a Landan mai suna Tokenhouse Yard, inda ofishin yake.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa kafin mai mashaya ya buga kwabonsa, kwabon da ke ɗauke da kambin sarki ya riga ya ci amanar mutane.

A ranar 30 ga Janairu 1649 aka fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai. Buga kuɗi haƙƙin sarauta ne, ga shi babu sarki. Gwamnatin da ta biyo baya ta yi ta gwajin samfurin fardin, amma ba ta fitar da shi ga jama'a ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: 'yan kasuwa suka nufi maƙera. Kwabban farko suna ɗauke da shekarar 1648, kuma wannan ba ya nufin lallai an buga su sarki na da rai, domin a lokacin sabuwar shekarar Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. A lissafinsu, an kashe sarkin ne a 1648.

Abin da ke jikin kwandalar

Yawancinsu na tagulla ne ko jan ƙarfe. A fuska ɗaya akwai sunan mai shi da alamar gidansa, a ɗayar akwai sunan gari ko layi, wani lokaci da shekara. Gidajen Landan ba su da lamba a wancan zamani, alamar da ke rataye a ƙofa ita ce adireshi: Zakara, Farin Doki, Kan Sarki, Ƙararrawa, Jirgin Ruwa. Wanda bai iya karatu ba yana duban hoton ya san ƙofar da zai kai kwandalar a ba shi azurfa. Wannan shi ne muhimmin abu a jikinta, kwandala ce mai faɗin inda mai ita yake kwana.

Sau da yawa akan ga haruffa uku a jere kamar murhu: na sama harafin sunan iyali, na ƙasa biyu na miji da na mata. Matar gida tana cikin alkawarin ke nan, kuma da ma ita ce ke tsaye a kan ciniki a gidaje da yawa. Akwai mata, galibi zawarawan da suka gaji sana'ar mazajensu, da suka buga da sunansu kaɗai, rubutun yana cewa wannan rabin kwabonta ne. A shekarun 1660 aka fara ganin masu siffar zuciya, da masu kusurwa huɗu, da masu takwas. Wani abin dariya, da yawa daga cikin na farkon David Ramage ne ya yi su, ma'aikacin gidan buga kuɗin gwamnati. Hukuma ba ta buga canji, ma'aikacinta yana buga wa masu shago da kuɗinsu.

Gidajen gahawa ma sun shiga. Na farko a Landan Pasqua Rosée ya buɗe shi a 1652, kuma waɗanda suka biyo baya sun so sa hoton Baturke mai rawani a kwabbansu. Wani a Exchange Alley ya sa sunan Sarkin Musulmi Murad, wanda ake ɗauka Murad na Huɗu ne. In kuwa shi ne, to sun zaɓi mutumin da ya rufe gidajen gahawa a Istanbul a 1633.

Me ya sa mashaya ta yi fice a wannan harka? Kalmar tana iya ɓatar da mai karatu, ya ɗauka wurin 'yan maye ne kawai. A Ingila ta wancan lokaci gidajen nan sun haɗa aikin da tashar mota, da teburin mai shayi, da masaukin baƙi, da majalisar unguwa ke yi a wurinmu. Nan matafiyi ke sauka, nan ake ajiye saƙo, nan ake ƙulla ciniki, a wasu garuruwa nan masu shari'a ke zama. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1577 ta samu ƙananan mashaya fiye da 14,000, ban da manyan masaukai da gidajen ruwan inabi. Babu sana'ar da ta kai su yawan ƙananan ciniki a yini, saboda haka babu wanda rashin canji ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Kuma mai mashaya mutum ne sananne, da lasisin hukuma, da gida a bakin hanya wanda ba ya ɗaukuwa a kai. Tun kafin wannan zamani ma suna yin na darma, har Turawan lokacin suna da karin magana: in mutum ya bugu sai su ce ya haɗiye kwabon mashaya.

Iyakar amana

Kwandalar nan takardar bashi ce da aka rubuta a ƙarfe. Tagullar da ke cikinta ba ta kai fardin ba. Abin da ya sa mai burodi ke karɓarta shi ne ya san mai Zakara, ya san zai iya tara guda 48 ya kai masa ya karɓi sule. Marubuci John Evelyn, wanda ya rayu a zamanin kuma ya raina abin, ya rubuta a 1697 cewa kwabban ba su cika wuce layi ɗaya ko biyu daga gidan da ya buga su ba. Da raini ya faɗa, amma ya bayyana sirrin tsarin. Iyakar inda aka san fuskarka, nan ce iyakar kuɗinka. Wannan ƙuntatawa ita ce ta hana abin lalacewa irin na Harington: wanda ya buga fiye da ƙarfinsa, maƙwabta za su gani, kwabbansa su dawo masa a rana ɗaya. Ɗan jabu kuma ba zai wahalar da kansa a kan kuɗin da layi biyu kawai ke karɓa ba.

Kada a ɗauka taimako ne zalla. Mai bugawa yana da riba ta fuska uku. Yana sayen kwabban da araha ya bayar a cikakkiyar daraja, wato jama'ar unguwa sun ba shi rance marar ruwa. Duk wadda ta ɓace a kwata ko ta tafi a aljihun baƙo, bashi ne da ba za a zo nema ba. Sannan wanda aka ba canji da kwabon gidanka, ƙafarsa za ta fi saurin dawowa gidanka. Leburan da canjinsa ya fi karɓuwa a mashaya, ba sai an faɗa maka inda ladansa zai ƙare ba.

Haɗarin kuwa a kan mai riƙe da kwandala yake. Mai gida zai iya mutuwa, ko ya karye, ko ya tattara ya bar gari. Annobar 1665 ta kashe mutum fiye da 68,000 a Landan bisa rajistar hukuma, kuma masana suna ganin adadin gaskiya ya fi haka nesa. A Satumbar 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000. Kowace mashaya da ta ƙone, kowane mai kanti da aka binne, akwai mutanen da suka wayi gari da tagullar da babu ƙofar da za su kai ta. Kuɗin kaɗan ne a idon mai arziki. Ga wanda ke samun sule a yini, fardin goma sha biyu rubu'in wahalar yininsa ne. Mai Zakara ya yi abin kirki da ya kira mutane su zo a biya su. Amma tsarin da sai mai bashi ya ga dama yake biya, ya dogara ne ga halin mutum, kuma hali ba ya cikin abin da ake bugawa a ƙarfe.

In ana son ganin ɗaya fuskar, a tsallaka zuwa New York bayan shekara 200. Lokacin yaƙin basasar Amurka mutane sun ɓoye kwandalolin gwamnati, canji ya ɓace, 'yan kasuwa suka koma buga nasu. A 1863 wani mai mashaya, Gustavus Lindenmueller, ya fitar da kimanin miliyan guda, da hoton fuskarsa mai gemu a gefe ɗaya, da kofin giya a ɗayan. Sun bazu har kamfanin taragon titi na Third Avenue ya riƙa karɓarsu kuɗin mota. Da kamfanin ya tara ya kai masa, labarin da aka adana shi ne ya ƙi biya, kuma babu dokar da za a kama shi da ita. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wannan ya ci ya share baki. A 1864 majalisar Amurka ta haramta kuɗin 'yan kasuwa. Sana'a ɗaya ce da ta mai Zakara, dabara ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne kwabon Lindenmueller ya wuce iyakar inda kunyar maƙwabta ke aiki.

Garuruwan Ingila sun fahimci wannan rauni tun da wuri. Bristol da Oxford sun fitar da fardin na gari a 1652, Norwich da Great Yarmouth a 1667, wasu da rubutun cewa don amfanin talakawa aka yi. Hukumar gari ba ta mutuwa da annoba, kuma kuɗinta yana karɓuwa daga ƙofar gari zuwa ƙofar gari. Mataki ne zuwa ga amsar da kowa ya sani amma fada ta ƙi ɗauka.

Abin da ya kashe su

An maido da sarauta a 1660, amma Sarki Charles na Biyu ya ƙara shekara 12 kafin ya waiwayi canji. A ranar 16 ga Agusta 1672 aka yi shelar sabon rabin kwabo da fardin na jan ƙarfe, ƙarfen daga Sweden, masu kauri da nauyi, da hoton Britannia a baya. An ƙayyade cewa dole a karɓe su a cinikin da bai kai sisi ba. A cikin shelar aka haramta na 'yan kasuwa. Sai da aka maimaita haramcin a 1673 da 1674 kafin wasu garuruwa su bari, domin sabon kuɗin bai isa ko'ina a lokaci ɗaya ba. Inda ya isa, kwabon mashaya ya mutu da kansa. Babu mai son kuɗin layi biyu alhali ga na ƙasa baki ɗaya.

A gefe guda, yana da kyau a tuna cewa a Janairun wannan shekara ta 1672 sarkin ya dakatar da biyan bashin fiye da fam miliyan ɗaya da ya ci a hannun maƙeran zinariya masu harkar banki, wasunsu suka karye. Wanda ya zo hana mai mashaya buga alkawari a ƙarfe, shi ne mafi girman mai saɓa alkawari a ƙasar a shekarar.

Ga mai cewa doka ce ta kawo tsari, amsar tana cikin abin da ya biyo baya. Haramcin bai hana komai ba da gwamnati ta sake yin sakaci. Gidan buga kuɗi ya daina fitar da jan ƙarfe a 1775, daidai lokacin da masana'antu ke tara dubban ma'aikata masu jiran lada kowane mako. Jabu ta cika kasuwa. A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys a tsibirin Anglesey ya fara buga kwabonsa, attajirin ƙarfe John Wilkinson ya sa fuskarsa a nasa, ɗaruruwa suka bi. Abin bai lafa ba sai da gwamnati ta ba Matthew Boulton na Birmingham kwangila a 1797, ya buga kwabo mai nauyin oza guda da injin tururi. Da aka sake samun ƙaranci lokacin yaƙin Napoleon, suka sake dawowa, har majalisa ta yi wata dokar a 1817. Sau uku ana abu ɗaya: canji ya ɓace, mutane su yi nasu, haramci ya yi aiki a ranar da madadi ya iso.

Ga mai cewa kasuwa ta isa, kamar masanin tattalin arziki George Selgin wanda ya rubuta littafi a 2008 yana yabon kwabban 'yan kasuwa na ƙarni na 18, yana da gaskiya a abu ɗaya: sau da yawa sun fi na gwamnati kyau da wuyar kwaikwayo, kuma a masana'antarsu aka ƙago fasahar da gwamnati ta ara daga baya. Amma ban yarda a ɗauki maganin dole a mai da shi abin koyi ba. Ƙasar da ke da kuɗi iri dubbai, kowanne da layinsa, ƙasa ce da matafiyi ke asara a kowane zango, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗauke da haɗarin karyewar wani. Da babu gara ba daɗi, iyakar yabon da ya dace da su ke nan. Ƙaramin kuɗi kamar rijiyar unguwa yake ko gadar ƙauye: babu riba a yinsa, shi ya sa mai neman riba ba zai yi shi tsakani da Allah ba, kuma shi ya sa hukumar da ke auna komai da riba take mantawa da shi.

Wani abin da ya kamata mu lura da shi, ƙasar Hausa ba ta san wannan matsala ba a zamanin da take ciniki da wuri. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza riyal guda na azurfa a kan wuri 2,500. Wato akwai kuɗin da ya kai ƙanƙantar sayen barkono ɗaya. Wahalarmu ta kasance a ɗaya ƙarshen, wajen ƙirga da ɗaukar manyan kuɗi, har sai an ɗora wa jaki. Da Turawa suka zo maye gurbin wuri, sun gane kwabonsu ya yi wa kasuwar nan girma, shi ya sa daga 1907 suka buga anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, abin da ba su taɓa yi wa talakan ƙasarsu ba. Rabin kwabo kuwa Bahaushe ya kira shi ɗari, yana auna sabon kuɗi da tsohon.

Yau mun koma inda Landan take a 1650. Kwandalolin kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 hauhawar farashi ta haɗiye su, ƙananan takardu sun yi wuya, waɗanda ake samu sun yage. Mai kanti yana ba da alewa ko ashana a madadin canji, kwandasta yana haɗa fasinja biyu da ba su san juna ba da takarda ɗaya su je su raba, mai shayi yana cewa ka bar shi gobe ka sha. Duk waɗannan kwabon mashaya ne ba tare da tagulla ba, kuma sun fi shi rauni, domin alewar da aka ba ka a wannan kanti ba za ta saya maka komai a na kusa da shi ba. Farashi ma yana tsalle daga 50 zuwa 100 saboda babu abin da za a mayar a tsakani. Kowane ɗan ragi da ya maƙale a hannun mai sayarwa haraji ne da babu majalisar da ta zartar, kuma mai sayen abu kaɗan-kaɗan ne ke biyansa sau goma a yini.

A farkon 2023 mun ga ɗaya rabin darasin, da aka janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 kafin sababbi su wadata. Mutane suka koma sayen naira da naira a hannun masu POS, a wasu ƙauyuka aka koma musayar kaya da kaya, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. Charles na Biyu, duk da halinsa na cin bashi, ya sa an fara buga sabon fardin kafin ya aika mai shela.